Kafin Innarka ta koma dakan fura

Madarunfa, ranar da ka tashi

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka ka sauka Yamai lafiya, ya tsare ka daga ramukan hanya da direba mai gyangyaɗi, ya sa ka shiga aikin da aka ɗauke ka da ƙafar dama. Ƙannenka na gaishe ka. Labarin gida babu wanda zan ba ka, tunda da hantsin nan ka baro shi, ko tabarmarka ba a naɗe ba tukuna.

Abu ɗaya ya zaunar da ni rubutu, kuma gara in faɗe shi tun daga sama don kada ka gaji da surutun tsoho kafin ka kai gare shi. Kafin ka kwance kayanka, ka je labo, ɗakin awonku, ka tabbata kwalbar da aka shuka ƙwayar cutar da ta fito daga cikin Innarka tana nan cikin sanyin firigo. Kada a jefa ta tukunyar tururi tare da waɗanda aka gama da su. Sakamakon da za ka miƙa wa shugabanka kuma, kada ka sa masa hannu. Aikin bai ƙare ba, kuma ina jin kai ma zuciyarka ta san haka.

Bari in jera maka yadda ni na ga abin daga inda nake zaune. Tun farkon damina zazzaɓin hanji, ɗan'uwan taifot ɗin nan da muke ce wa para, yake kwantar da yara a unguwarmu. Zuwaira ɗiyar maƙwabcinmu Malam Habu hanjinta ya huje, aka yi mata aiki a Maraɗi, har yau ba ta taka ƙasa ba. Mutane suka fara duba gidajen da ciwon ya shiga, sai ga shi kusan duka masu aikowa sayen fura ne wurin Innarka. Ba wanda ya faɗa mata a fuska. Ƙoren da ake aikowa da su ne kawai suka ragu, har ta gane da kanta ta jingine taɓarya. Da majoro, shugaban asibitinmu, ya ce masu sayar da abinci su ba da bayan gida a auna, kai da kake ƙarasa koyon aiki a Yamai ka ɗauki kwalaben ka tafi da su, da nata da na yaran. Shekaranjiya ka dawo haɗa kayanka na tafiya gaba ɗaya, ka tsaya tsakar gida baki har kunne, ka ce an sami ƙwaya a cikinta, amma ba irin ta yaran ba ce. Jikinsu ɗaya, wutsiyarsu daban. Ta yaran ta kama da ruwan gwaji mai lakabin b, tata kuwa ba ta kama da shi ba, da wani ta kama. Ka ce Inna ta fita.

Tambaya guda na yi maka a zaure: "Ka juya ta?" Ka ce serom, wato ruwan gwajin, ya yi wuya tun da aka karya darajar sefa, ba a buɗe kwalba sai da babban dalili. Kana faɗa kana kakkaɓe ƙurar da babu ita a wandonka. Ni na haife ka, kuma na yi wannan aikin tun kafin a yi maka aski, saboda haka na san yadda ma'aikacin labo yake magana in ya tsaya a inda amsa ta yi masa daɗi.

Na sani ne don ni ma na taɓa tsayawa a nan. Ina kamar shekarunka, a Yamai, irin wannan zazzaɓin ya shiga wata makarantar kwana. Aka kawo mana kwalaben ɗalibai da na masu dafa musu abinci. Cikin masu dafuwar akwai Tanko, ɗan Safo. A garin da kowa ke yi mini Zabarmanci ina gyaɗa kai, shi ne wanda nake zuwa wurinsa ran hutu mu yi hirar gida, ya tuƙa mini tuwon gero da miyar kuka irin ta gidanmu. Ƙwaya ta tsiro a kwalbarsa. Na ɗiga ruwan gwaji a kan gilashi, jiki ya dace da na ɗaliban. Na gwada wutsiya, ba ta dace ba. Ban ƙara ko ɗigo ɗaya ba. Na rubuta cewa ba ita ba ce, na sa hannu, na je da ƙafata na yi masa albishir. Ya koma kan tukunya.

Zazzaɓin ya lafa, sannan ya dawo. A dawowar ya tafi da wani yaro ɗan Gaya wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, sunansa kawai na gani a jikin kwalba. Shugabanmu na lokacin, wani tsohon lokotoro, wato likita, da ba ya ɗaga murya, ya ce in fito masa da kwalbar Tanko. Allah ya taimake ni lalacina ya hana ni zubar da ita. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya sa na dama abincin ƙwayoyi mai laushi, kamar kunun da ya fara kwanciya, ya gauraya shi da serom ɗin wutsiyar da na samu, muka zuba a farantin gilashi, muka ɗiga ƙwayar a tsakiya. Washegari na buɗe, sai ga wani hazo-hazo ya yaɗu daga tsakiya har bakin faranti. Ya ce in ɗebo daga can baki in gwada. Na gwada. Ta kama da ruwan da ta ƙi kamawa da shi a farko, irin ta ɗaliban sak.

An koya maka wannan a makaranta, na sani, har ka fi ni sanin sunayensa na Faransanci. Amma bari in faɗa maka yadda tsohon nan ya faɗa mini, don abin da aka ji ana jin kunya ya fi zama a kai. Gashin nan da ƙwayar ke iyo da shi, wanda muke ce wa wutsiya, shi ne tutarta. Da shi muke raba dangi da dangi, don rubutun gadon da ke gina shi ya bambanta daga iri zuwa iri, kuma shi jinin mutum yake saurin shaidawa ya kama. To yawancin dangin nan ba rubutun wutsiya ɗaya suke ɗauke da shi ba, biyu ne, amma ɗaya suke aiki da shi a lokaci guda. A gaban rubutun akwai wani ɗan guntu da ke juyawa kamar faifai a bakin ƙwarya. In ya fuskanci nan, wutsiya ta biyu ake ginawa, a danne ta farko. In ya kife, ta biyu ta yi shiru, ta farko ta fito. Ba kullum yake juyawa ba, jefi-jefi ne cikin masu yawa da ake haifa, amma hakan ya isa. Ƙwaya ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ka same ta a cikin wannan da wutsiya kaza, a cikin wancan da wata. Wutsiya ta biyun nan kuwa dangi da yawa suna tarayya a kanta, don haka ganinta ba ya gaya maka ko wace ce. Shi ya sa ake ɗaure masu wutsiyar da ka gani da serom ɗinsu, su tsaya cik a tsakiyar faranti, ƴan kaɗan ɗin da suka juya su yi iyo su fita, ka tare su a baki ka tambaye su sunansu na gaskiya.

Ka ce mini ta Innarka ta kama da wani ruwa, ba ka faɗi wanne ba, ni kuma ban matsa ba. In wanda nake zato ne, na wutsiya ta biyu, to rabin suna ka karanta. Yana yiwuwa ka juya ta ka sami wata daban, irin wadda kaji da awaki ke bari a tsakar gida, mu yi hamdala. Yana kuma yiwuwa ka sami b. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma wannan rashin sanin ne ka kawo gida ka kira shi albishir.

Shawarata ta farko ke nan, kuma ta wuce maganar Innarka, ta dukan aikinka ce. Ranar da amsa ta zo daidai da abin da ka kwana kana roƙo, ranar ce za ka ƙara gwaji. In amsa ta ɓata maka rai ba sai an ce ka sake ba, da kanka za ka sake har serom ya ƙare. Mai daɗin ce ake rungume wa a gudu da ita. Kuma kwalbar wanda kake ƙauna, kada ka karanta gilashinta kai kaɗai. Ka kira abokin aiki ya tsaya a kafaɗarka, wanda bai taɓa shan furar gidanmu ba. Maganar tsadar serom kuma, je ka gaya wa shugabanka gaskiya: mahaifiyarka ce, akwai yarinya a kwance da ɗinki a ciki, kuma ka tsaya a rabi. Ban san shi ba, amma ban taɓa ganin shugaban labo da ya ji haka ya hana buɗe kwalba ba. In ya yi maka faɗa ka sunkuyar da kai ka sha, faɗan farkon aiki ba ya kisa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni a wurina, don na farko son zuciya ne, na biyu kuwa tsoro ne na kaina. Da amsar Tanko ta fito, kunya ta rufe ni, sai na so kowa ya ga cewa ni ba na ɗaga wa kowa ƙafa. Na tafi makarantar da tsakar rana, ana rabon abinci, ɗalibai a jere da kwanoni, na tsaya a ƙofar madafa na ce ya ajiye ludayi, cutar a cikinsa take. Ya juyo yana share hannu da zanen aikinsa, ya ce, "Idi, ba kai ka ce mini babu komi ba?" Kafin la'asar duk unguwar ta san kukun makaranta ne mai kashe yara. Mutumin da bai taɓa kwanciya ciwo ba, bai san yana ɗauke da komai ba. Da na ja shi gefe, da an ba shi magani na tsawon makonni, a sake aunawa, in ta ƙi fita a duba matsarmamarsa inda take maƙalewa, ya koma aikinsa ko ya sami wani. A maimakon haka ya tattara ya bar garin ba magani ba sallama. An ce an gan shi wajen Ɗan Issa yana dako, daga nan ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ƙwayar ta tafi tare da shi, ban raba kowa da ita ba, wuri kawai na canza mata.

Don haka in b ce ta fito, ka lura da yadda za ta iso Madarunfa. Kada ka buga waya asibiti. Wayar tana kan teburin majoro, tagarsa a buɗe, masu jiran allura suna zaune a ƙarƙashinta, kafin ya ajiye kan waya maganar ta kai bakin tabki. Ka rubuto mini a rufe, ka ba direban da zai kawo maka wannan, ni zan ɗauka in kai wa majoro da hannuna mu rufe ƙofa. Ban ce a ɓoye ba, ka ji ni da kyau. Majoro dole ya sani, Malam Habu ma yana da haƙƙin ya sani, kuma ni zan je zaurensa in zauna in faɗa masa, ko da zai tashi ya bar ni. Cewa nake a gaya wa mai ita tukuna, a cikin ɗakinta, tare da maganin da za ta sha da ranar da za a sake aunawa, don mutum ya ji cutar da mafitarta a zama ɗaya. Wannan ka riƙe shi ga kowane mai kwalba da zai zo hannunka, ko ba ka san shi ba. Kowace kwalba akwai mai ita, kuma yana da maƙwabta.

Yanzu dalilin da ya sa na fara da firigo. Kai ɗan fari ne. Matar nan tunda ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa cin abinci kana kallo ba, in kun haɗu a ƙofa ita ke kaucewa. Ka yi tunanin abin da ta haɗiye kafin ta yarda abin da ya fito daga cikinta ya shiga hannunka. Ba ka gani ba, don ta ƙofar baya ta miƙa wa ungozoma, naɗe cikin tsumma, ungozoma ta kai wa majoro, majoro ya ba ka. Ni na gani. Wunin ranar ba ta fito daga ɗaki ba. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta ce in riƙe karin maganata. Ban san ko za ta iya yin haka sau biyu ba. Ko ta iya, ka san mai ɗauke da wannan cuta ba kullum take fita a bayan gidansa ba, yau a samu, gobe a rasa, sai mu auna mu ga wayam mu sake ruɗin kanmu. Abin da ke cikin kwalbar nan shi ne shaida, ba mu da wata a hannu.

Kuskure na uku ba tsoho ba ne, na shekaranjiya ne. Da ka yi albishir ɗinka, Innarka tana bayan danga tana ji. Na ga kafaɗunta sun sauka, na ji ta yi dariya da ƙanwarka, dariyar da rabona da jin ta tun kafin Zuwaira ta kwanta. Sai na kasa. Na ce bari yaron ya ci abinci tukuna, na ce bari gari ya waye, na ce bari a gama ɗaure kaya. Har na raka ka tasha, ka shiga mota, na ɗaga maka hannu, maganar tana bakina. Tsoho da furfura, wanda ya san abin da tsayawa a rabi ta taɓa ci, ya yi shiru don kada ya ɓata wa matarsa da ɗansa rana. Kada ka gaji wannan daga gare ni. Maganar da ta zama dole, ka faɗe ta tana da zafi, don jinkiri ba ya rage mata ɗaci, mutanen da za ta ƙona kawai yake ƙarawa.

Da na dawo daga tasha na iske ta fito da turmi ta wanke, ta auno gero, tana shirin surfe. Kasuwa ta kusa, kuma tun jiya ƙanwarka ta zaga gidaje ta ce furar Inna za ta dawo. Ka san yadda ake fura. Wuta tana kashe abin da ke cikin dawo, amma bayan an sauke ana kirɓawa, a cura da hannu, a mulmula a gari da hannu, kuma daga nan ba ta sake ganin wuta sai cikin yaro. Na tsaya ina kallon hannuwan nan da suka ciyar da ni shekara da shekaru. Ina jin tsoro, Magaji, ban ɓoye maka ba. Ina tsoron ya zama ita ce, kuma na fi tsoron ya zama ita ce mu kuma mu bar ta ta cura.

Na ce mata ta dakata da geron.

Ta ce, "Don mi?"

Na ce awon bai cika ba, akwai saura, zan rubuta maka ka ƙarasa.

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta ce, "Yaron ga ya ce babu komi. Gaban kowa ya hwaɗi. Shi ya wanke ni, kai kuma ka taho ka maida ni cikin taɓo?"

Na zauna a bakin rijiya na gaya mata labarin Tanko, wanda ban taɓa gaya mata ba, har da yaron Gaya. Na yi mata bayanin wutsiya biyu iyakar yadda zan iya. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ce, "Kenan ana iya cewa ni na huda cikin ɗiyar Habu." Na ce ba a sani ba tukuna, kuma ko an samu, ba laifinta ba ne, cuta ce mai magani. Ta ce, "Uwar Zuwaira za ka gaya ma haka, ba ni ba." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Na ɗauko takarda na zauna zaure na fara wannan. Ina cikin rubutun maganar firigo na ji motsi a tsakar gida. Na leƙa, na ga ta juye geron ta mayar cikin buhu, ta kife turmin, ta kira ƙanwarka ta ce daga yau ita za ta riƙa tuƙa tuwon gidan, ta kuma koma gidajen da ta zaga ta ce Inna ba ta jin daɗi, babu hura ranar kasuwa. Sannan ta zo ta tsaya bayan ƙofar zaure, inda ba na ganin fuskarta, ta ce, "Malam, takardar yaron ga ce kake yi?"

Na ce ita ce.

Sannan ta ce, "Ka ce mishi shi duba da kyau. Kar shi ji kunyata. In ni ce, shi rubuta ni ce."

Na rubuta maka shi yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba. Turmin yana nan a kife har sai amsarka ta zo.

Allah ya tsare ka a garin mutane, ya tsare hannunka da idonka a kan aiki, ya ba Zuwaira lafiya, ya sa abin da za ka gani a bakin faranti ya zo mana da sauƙi, in kuma bai zo da sauƙi ba ya ba mu ƙarfin ɗauka. Allah ya yi maka albarka, ya maido mana da kai lafiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idi